Kuɗin da ke hannuna ba nawa ba ne

Duk mai sana'ar fiton kaya yana kwana da kuɗi iri biyu a asusunsa. Akwai ladan aikinsa, wanda bai taka kara ya karya ba idan aka gwada shi da darajar kayan. Akwai kuma kuɗin masu kaya: na harajin kwastam, na kamfanin jirgi, na ajiya a tasha, da na motar da za ta ɗauko kwantena daga Legas zuwa Kano. Kuɗin masu kaya sun ninka ladan sau da yawa, kuma sukan yi makonni a hannunka kafin ranar biya ta zo, domin ɗan kasuwa yakan turo nasa tun jirgi na tsakiyar teku. Banki ba ya raba maka su. Idan ka duba waya, jimla ɗaya za ka gani. A kan wannan jimla na ɗora faɗaɗa kamfanina, kuma waɗanda suka ba ni amana ne suka fara shan wahalar hakan kafin ni.

Da ɗan ofis na fara a kusa da Kantin Kwari, da mutum ɗaya da ke tsaya mini a tashar jiragen ruwa ta Apapa. Yawancin aikinmu kwantenar haɗaka ce: ƙananan 'yan kasuwa su sayi kaya a Guangzhou ko Yiwu, a tara su cikin kwantena guda mai ƙafa 40, mu buɗe takardar shigo da kaya ta Form M, mu jira PAAR, wato takardar ƙiyasi ta kwastam, mu biya haraji, mu kawo kaya sito, kowa ya zo ya ɗauki nasa. Da gwamnati ta rufe iyakokin ƙasa na tudu a watan Agustan 2019, kayan da aka saba saukewa a Kwatano suka karkato zuwa Apapa da Tin Can. Kafin a sake buɗe iyakokin a Disambar 2020, aikinmu ya ninka. Na ɗauka ƙwarewata ce ta jawo. Gaskiyar ita ce an toshe wata hanya, kaya suka biyo tawa.

Sayen tireloli shi ne mataki na farko, kuma ina da hujja a lokacin. Wanda ya san Apapa a shekarun nan ya san yadda mota kan yi kwanaki a layi kafin ta shiga tasha, har sai da hukumar tashoshin jiragen ruwa ta ɓullo da tsarin Eto na kiran motoci ta intanet a Fabrairun 2021. Kuɗin haya ya yi tashin gwauron zabi, direba ya yi maka alkawari yau, gobe ya bi wanda ya ƙara masa. Na ce in motocin nawa ne, babu mai yi mini haka. Na karɓi rance a banki, abin da ya rage na cike daga kuɗin masu kaya, ina gaya wa kaina cewa jirginsu sai nan da wata guda, kafin nan na mayar.

Ashe sufuri sana'a ce daban da fito. Tsakanin Legas da Kano akwai kusan kilomita 1,000, ta Ibadan da Ilori da Jebba da Mokwa, kuma hanyar na cin taya da sifirin kamar yadda take cin mai. Mota ta zo cike, ta koma da kwantena babu komai, sai fa in an dace da lokacin riɗi ko zoɓo a Dawanau aka samu lodin komawa. Kwantenar kuma ta kamfanin jirgi ce, duk kwanan da ta ƙara a hannunka bayan wa'adi, daga kuɗin jinginar da ka ajiye za a cire. Mai haya yana biyan tafiya ɗaya ya huta. Mai mota yana biyan direba da yaron mota da bakanike da banki ko motar ta motsa ko tana kwance a gareji. A 2022 farashin man gas ya ninka fiye da sau biyu, ni kuwa na riga na yanka wa manyan abokan hulɗa farashin shekara.

A wannan shekarar ce kuma na buɗe reshe a Kwatano saboda 'yan kasuwar Maraɗi, waɗanda kayansu ke bi ta Malanville su haye gada zuwa Gaya. Haya da albashi duk da sefa ake biya, ribar da nake sa rai kuwa tana gaba.

Amma abin da ya fi damuna har yau ba motocin ba ne, ba kuma reshen ba. Don in jawo manyan masu shigo da kaya, na yarda da sharaɗin da suke gindayawa: ka fito mini da kaya, in na sayar in biya ka. Babban ɗan kasuwa ba ya biya kafin aiki, saboda 'yan fito na rububinsa. Ƙaramin ɗan kasuwa shi ne ke biya tun kafin jirgi ya iso, saboda ba shi da ta cewa. To da wane kuɗi nake fito da kwantenonin manya? Da kuɗin mai sayar da zare da mai sayar da kayan gyaran babur. Masu ƙaramin ƙarfi suka zama suna ba masu kuɗi jari ba da saninsu ba, babu riba, babu takarda, ni ne kuma na shiga tsakani na ƙulla hakan. A bakin kasuwa ana cewa kamfani ya bunƙasa, ana ƙirga kwantenoni. Babu mai ƙirga kwanakin da kuɗi ke yi a waje kafin su dawo, ni ma ban ƙirga ba.

Mutum ɗaya ce ta ƙirga, akantarmu. Ta shigo ofishina da takarda ta ce: "Ranka ya daɗe, in yau kowa ya ce a ba shi kuɗinsa, ba mu da rabin abin da za mu mayar." Na ce mata ai ba rana ɗaya za su zo ba, haka kasuwa take juyawa. Ta ce: "Yallaɓai, juyawar tana tafiya ne muddin babu abin da ya tsaya." Na yi mata godiya, na sa takardar a durowa. Na fahimci abin da ta faɗa sarai. Ban so in tsaya ba ne, domin tsayawa na nufin in ƙi karɓar aikin wani babba, mutane su ji.

A watan Yunin 2023 Babban Bankin Najeriya ya saki naira ta nemi farashinta a kasuwa. Harajin kwastam ana lissafa shi ne a kan darajar kaya da dala, sannan a juya zuwa naira da canjin ranar da aka yi ƙiyasi. Canjin da ake amfani da shi ya tashi daga kusan naira 422 zuwa 589, ya kai 770 a watan Yuli. Ranar 26 ga Yuli sojoji suka kifar da gwamnati a Nijar, ECOWAS ta ƙaƙaba takunkumi, aka rufe gadar Malanville. Kaya suka tsaya cik a Kwatano, wasu suka koma bi ta Lome da Burkina Faso, reshena ya zama ɗakin da ake biya wa haya babu aiki. Manyan da nake bi bashi suka ce in ƙara haƙuri, kasuwa ta tsaya.

Ba na ɗora laifin a kan canji ko juyin mulki. Abin ya shafi kowa, kuma na san abokan sana'a da ba su kai ni girma ba waɗanda suka wuce lokacin ba tare da kayan kowa sun kwana a hannunsu ba, saboda kuɗin kowa na nan inda ya ajiye.

Akwai wani dattijo mai sayar da kekunan ɗinki da zare da zif, tun ina yaron shago yake saye a hannun ubangidana. Ya biya kasonsa cif tun Disamba, domin kayansa su riski teloli kafin azumi, lokacin da kasuwarsa ke ci a shekara. Kwantenar ta sauka a Janairun 2024, canjin kwastam na kusan naira 951. Da kuɗinsa na nan, da mun fita da ita a makon. Ba sa nan, suna cikin harajin wani. Na shiga neman rance, kwanakin kyauta suka ƙare, dimarej, wato cajin jinkiri na kamfanin jirgi, da kuɗin ajiya na tasha suka fara hawa, kuma irin wannan caji ƙaruwa yake yi mataki-mataki gwargwadon daɗewar kaya. A farkon Fabrairu canjin ya haura naira 1,300. Harajin da na tara wa kuɗi ya ƙaru, na koma neman ciko. Duk wannan lokaci, idan ya kira sai in ce masa matsalar tasha ce. Kayan ba su iso Kano ba sai ana gab da ƙaramar salla a watan Afrilu, teloli sun riga sun sayi abin da za su saya a wani wuri.

Na je gidansa na faɗa masa komai: inda kuɗinsa suka shiga, da ƙaryar da na riƙa yi masa a waya. Ya daɗe bai ce uffan ba. Sannan ya ce: "Ɗana, da ka zo ka ce in ranta maka, wataƙila da na ranta maka. Amma ba ka tambaye ni ba." Na ce: "Baba, gaskiya ne, ba ni da abin cewa." Na ɗauki ƙarin harajin da dimarej a wuyana, na yi wa sauran masu kaso a kwantenar irin wannan bayani ɗaya bayan ɗaya. Kasuwar azumin da ta wuce shi kuwa babu abin da zan biya ya dawo da ita. Ya yafe mini, amma kayansa wani ne ke fito masa da su yanzu, kuma ban ga laifinsa ba.

Na sayar da yawancin motocin a kan asara na rage bashin banki, na rufe reshen Kwatano, na sallami ma'aikatan da ba su aikata komai ba sai bin umarnina. Wannan sallamar ta fi sayar da motocin ciwo. Yanzu kuɗin masu kaya na da asusunsu daban, ba ya motsi sai da sa hannuna da na akanta, kuma kowace kwantena na da shafinta: abin da aka karɓa, abin da aka biya, abin da ya rage. Wanda ke son fito a kan bashi, daga jarin kamfani kawai muke yi masa, in jarin bai kai ba mu ba shi haƙuri. Mun rasa manya da dama ta haka. Muna kuma gaya wa kowa tun farko cewa harajin ƙiyasi ne, zai iya sauyawa da canjin ranar, a rubuce.

Tun da tashar Lekki ta fara aiki a 2023, aka kuma ƙaddamar da tashar tsandauri ta Dala a Zawachiki a Janairun shekarar, abokai ke ce mini dama ta zo, in sa mutum a Lekki, in kama sito a kusa da Dala. Ina ganin damar, kuma ina son ta. Kwanan baya na miƙa wa akanta lissafin, na tambaye ta ko ribarmu ta kanmu za ta riƙe hayar da albashin na shekara guda ko da kwantena ɗaya ba ta shigo ba. Ta ce tukuna, da saura. Ba mu buɗe ba.