Garin Da Ba A Kwana Da Shara A Ƙofa

A hutun ƙarshen mako muka bar jami'armu a Kalgari, mu huɗu, muka nufi Kanmo, wani ƙaramin gari a gindin duwatsun Roki a lardin Albata na ƙasar Kanada. Tafiyar kusan kilomita 100 ce.

Da dare, bayan mun ci kaza, muka ƙulle ƙasusuwan a leda muka ajiye a bakin ƙofa, da niyyar zubarwa da safe. Ba a jima ba dattijuwar da muka sauka a gidanta ta ƙwanƙwasa. Ta ce, "Yarana, ku ɗauke ledar nan yanzu. Nan ƙasar beyar ce."

Beyar dabbar dawa ce mai gashi da manyan farata, wadda hancinta ya fi na kare jin ƙamshi. Kafin sanyi ya shigo takan ci abinci ba ji ba gani, domin ta tara kitsen da za ta yi barcin watanni da shi. Duk inda ta shaƙi abinci, can za ta nufa.

Shi ya sa tun 1999 hukumar garin ta daina kwashe shara ƙofa-ƙofa. A kowace unguwa an girke manyan akwatunan ƙarfe, kowa can yake kai tasa. Da muka je, sai da muka zura hannu cikin wani lungu muka danna sakata kafin murfin ya buɗe. Dagin beyar ba ya shiga wurin. Haka kuma an hana rataye wa tsuntsaye hatsi a watannin da beyar ke yawo, an kuma hana barin 'ya'yan itace su ruɓe a tsakar gida. Wanda ya karya doka, tara ce.

Da farko mun ɗauka don kare mutane kaɗai aka yi haka. Dattijuwar ta ce a'a. Beyar da ta ɗanɗana shara takan daina tsoron mutum, ta riƙa dawowa. Sabo turken wawa. Ko an kai ta nesa takan komo, ƙarshenta kuma sau da yawa harbi ne.

Muka kalli juna. Saura kaɗan ƙasusuwan kazarmu su jawo wa wata dabba ajali. Da safe, kafin mu kama hanya, har ɓawon ayaba sai da muka kai akwatin.