Albarkar da Ba Ta Shiga Mudu

Mutanen Gwammaja suna da ma'aunin da suke auna manya da shi, kuma a Gidan Mambayya suka gaje shi. A nan Malam Aminu Kano ya zauna har rasuwarsa a 1983, bai bar dukiyar da za a nuna da yatsa ba. Shi ya sa idan aka ambaci mai muƙami a unguwar, akan fara tambayar yadda ya zauna da talaka kafin a tambayi abin da ya tara.

Zaɓen 1979, wanda Malam ya tsaya takarar shugaban ƙasa a PRP, ya fito da wani Bahaushe da wannan ma'auni zai karɓa, ko da yake addininsu daban ne. Shi ne Farfesa Ishaya Audu, Kirista, wanda ya tsaya mataimakin Nnamdi Azikiwe a NPP. An haife shi a Anchau a 1927, ya yi karatu a makarantun mishan da suka samo tushe daga aikin Dokta Walter Miller a Zariya da Wusasa. Likitan yara ne, ya shugabanci Jami'ar Ahmadu Bello daga 1966 zuwa 1975, ya kuma riƙe ministan harkokin waje daga 1979 zuwa 1983.

Koyarwar da ya tashi a cikinta ta raba albarka gida biyu. Akwai ta hannu, wato lafiya da haihuwa da amfanin gona, wadda Bahaushe ke nufi idan ya ce Allah ya yi albarka. Akwai kuma ta ruhu, wadda Manzo Bulus ya buɗe wasiƙarsa zuwa ga Afisawa da ita: gafarar zunubi, da karɓuwa a wurin Allah, da begen rai madawwami. A fahimtar Kirista, wannan ta biyun alheri ne tsantsa, ba a sayen ta da kuɗi ko yawan aiki. Daga nan tawali'u ya samo asali, domin wanda aka ba kyauta ba shi da bakin yin taƙama. Sura ta 5 ta Bisharar Matiyu ma ta jingina albarka ga masu tawali'u da masu makoki da masu sulhunta jama'a.

Gwajin wannan koyarwa yakan zo ne ranar da muƙami ya kuɓuce. Bayan juyin mulkin ƙarshen 1983 sojoji suka tsare Ishaya Audu tare da sauran 'yan siyasa. Da ya fito sai ya koma Samaru, ya ci gaba da duba marasa lafiya da hidimar ikilisiya, har ya rasu a 2005.

Yau wa'azin wadata ya yi ƙarfi a majami'u da yawa na Najeriya, inda ake nuna mota da gida a matsayin shaidar bangaskiya. Illarsa a kan talaka take faɗawa, domin yana fita daga sujada da zaton rashinsa alamar fushin Allah ne. Tsohuwar koyarwar ta sauke masa wannan nauyi: gwauruwar da ke sayar da ƙosai a Sabon Gari da farfesan da ya riƙe jami'a rabonsu ɗaya ne a albarkar ruhu. Abin da ya rage a wuyan mai ilimi da muƙami shi ne ya nuna hakan a yadda yake karɓar wanda ya zo ƙofarsa hannu rabbana.