Gidan da Ba a Shan Shayi

Abin da ya fara ɗaure mini kai a gidan tsohuwar da ta sauke ni shi ne rashin shayi. A ƙarshen 1977 na sauka garin Logan na jihar Utah a Amurka, an turo ni karatun noman rani, sanyi ya riga ya fara cizo, ni kuwa Bazazzagi ne da idonsa ba ya buɗewa sai ya kurɓi ruwan bunu. Da na tambaya, sai ta ajiye mini kofin wani abu wai shi Postum, gasasshiyar alkama ce ake damawa da ruwan zafi. Ta ce tun 1833 aka yi wa annabinsu Joseph Smith wahayi a kan giya da taba da abin sha mai zafi, wato shayi da kofi. Sannan ta nuna mini hoton wani dattijo mai tabarau da kwat, rataye a kicin kusa da kalanda, ta ce wannan shi ne annabin yanzu, Spencer W. Kimball.

Na yi istigfari a zuci. Duk yaron da ya riƙe allo ya san an rufe ƙofar annabci daga kan Annabi Muhammadu, tsira da aminci su tabbata a gare shi. Ko Kiristocin Wusasa da muka yi makaranta tare ba su taɓa ce mini suna da annabi mai ofis da wayar tarho ba.

Mama nake kiranta, ita kuma ta ce mini ɗana. Ba ta taɓa neman in bar addinina ba, har ma ta fi ni lura da lokacin azahar. Amma in ka taɓo zancen wahayi, to ka ja kujera. A wurin 'yan cocinta, wato 'yan Mormon, Allah bai daina magana ba: ya yi da Joseph Smith a wani daji a jihar New York a 1820, aka kafa cocinsu a 1830, kuma littafin da suke tara wahayoyi a ciki har yau ba a ce an kammala shi ba. Idan annabi ya rasu, wanda ya fi daɗewa cikin manzanninsu goma sha biyu shi ke hawa, ba kamfe, ba ƙuri'a. Duk Afrilu da Oktoba ana babban taro a Salt Lake. Mama takan sa rigar coci ta zauna gaban talabijin, in an karanto sunayen shugabanni ta ɗaga hannun dama ita kaɗai a falo. Muryar Kimball a dushe take, don an yi masa aikin ciwon daji a maƙogwaro, Mama kuwa sai ta matso da kujera kada kalma ta wuce ta.

Wata rana ta sauko da ni ɗakin ƙasa in ɗauko mata dankali, na ga buhunan alkama da gwangwanayen zuma da kwalaben 'ya'yan itace jere har rufi. Annabinsu ya ce kowane gida ya tanadi abincin shekara. Na tsaya ina dariya, don rumbun kakana na gani sak, sai dai wannan yana da kwan lantarki.

Akwai maganar da muka yi wata takwas muna kewaye ta kamar kududdufi. A cocinsu kusan kowane namiji limami ne, yaro ɗan shekara goma sha biyu ma ana naɗa shi matakin farko. Amma tun zamanin annabinsu Brigham Young, wanda ya bayyana haka a 1852, har zuwa lokacin ba a naɗa baƙar fata, kuma ba a barinsu, maza da mata, su yi ibadun cikin haikali. Ni Musulmi ne, ban nemi limancin kowa ba. Duk da haka, in na ɗaga kai na ga haikalinsu na dutse a kan tudu, nakan dubi bayan hannuna.

Ranar Juma'a 9 ga Yuni 1978 na dawo daga ɗakin da mu ɗalibai muke haɗuwa mu yi salla, na tarar da ita a bakin ƙofa, hannu duk garin fulawa, rediyo na ta magana a ciki. Kuka take yi.

"Ɗana, wahayi ya sauka. An buɗe wa kowa."

Ta riƙe hannuna biyu har fulawar ta shafe ni. Na rasa abin cewa. Barka zan yi mata, ko ita ce ke yi mini?

Daga baya labarin ya fito dalla-dalla. Kimball, yana da shekara 83, ya daɗe yana shiga haikalin Salt Lake shi kaɗai yana addu'a, sai ranar 1 ga Yuni ya tara manzannin suka ce amsa ta zo musu. A lokacin ana gab da buɗe haikali a São Paulo ta Birazil, ƙasar da ba mai iya rantsuwa a kan jinin kakanninsa. Ga kuma wasiƙu daga Najeriya da Ghana, na mutane irin su Anthony Obinna, malamin makaranta a ƙasar Ibo, da suka yi shekaru suna roƙon a zo a yi musu baftisma. Wani abokina ɗan Kumasi ya ce wannan wahayi ya san lokacin zuwa, kamar na 1890 da ya hana auren mace fiye da ɗaya daidai lokacin da gwamnati ta shaƙe wuyan cocin. Ban ce ya yi ƙarya ba. Sai dai shi bai ga fuskar Mama ba.

Da dare na kasa haƙuri.

"Mama, jiya fa? Jiya daidai ne a hana?"

Ta ce ta fi shekara ashirin tana roƙon Allah a kan wannan, abin yana ci mata rai, amma ba ita aka ba ikon canzawa ba.

"To da yau ya ce a ci gaba da hani?"

Ta daɗe tana feraye dankali ɗaya. Ta ce, "Da na ci gaba da roƙo." Ban gamsu ba, kuma ta san ban gamsu ba. Ta zuba mini miya.

Ranar 30 ga Satumba aka karanta sanarwar a babban taro, ta ɗaga hannu a falo kamar yadda ta saba, sai dai wannan karon ta waiwayo ta dube ni. A Nuwamba aka yi wa Obinna baftisma. A 2005 na ji an buɗe haikalinsu a Aba, lokacin Mama ta daɗe a ƙasa.

Shayin kuwa, tun mako na biyu ta fara sayo mini. Can saman kanta take ajiye kwalin, bayan gwangwanin gishiri, inda jikokinta ba za su gani ba. Ita ke dafa ruwan, amma ba ta taɓa yarda ta jefa ganyen da hannunta ba. Sai ta kira ni daga ƙasan bene: "Ɗana, ruwanka ya tafasa."