Amsa-kuwwa a Cikin Ɗaki

A watan Afrilu, lokacin da zafin Njamena kan haura digiri 40, wani abokina mai ƙaramar makaranta a unguwar Farcha ya kawo mini kuka. Da kuɗin da iyayen yara suka tara ya sayi na'urar WiFi, aka kafa ta a ofis, amma a ajin da ke bayan bango biyu intanet sai ta zo ta ɗauke. Ni na zaɓa masa wurin, bisa lissafin da nake koya wa ɗalibaina. Kunya ta sa na aro na'urar awo na koma da kaina.

Igiyar rediyo gudun haske take yi, santimita 30 a kowane nanosakan, wato kashi ɗaya cikin biliyan na daƙiƙa. A cikin gini kuwa ba hanya ɗaya take bi ba. Wani kasonta ya ratsa bango, wani ya daki rufi ko ƙofa ya dawo, kowanne ya iso a lokacinsa, kamar amsa-kuwwa. Aikin mai awo shi ne ya rarrabe su. Akan kafa eriya biyu, na'ura ta aika sigina a kan zango bayan zango, sannan a juya sakamakon da lissafin Fourier, sai jerin amsa-kuwwar ya bayyana da jinkirin kowacce da ƙarfinta.

A nan faɗin zango yake da amfani. Mai awo da faɗin megahaz 20 ba zai bambance hanyoyi biyu ba sai tazararsu ta kai kusan nanosakan 50, wato mita 15, alhali ajin bai kai haka ba. Da megahaz 500 kuwa tazarar takan sauko zuwa nanosakan 2, santimita 60 ke nan.

A 1987 Saleh da Valenzuela na Bell Labs a Amurka suka yi irin wannan awo a wani ginin ofisoshi, a kan gigahaz 1.5, suka nuna cewa amsa-kuwwar rukuni-rukuni take isowa, kowane rukuni yana raguwa da ƙarfi. Aikin ya yi kyau, kuma da shi na yi karatu. Sai dai gininsu ba na tubalin laka ba ne mai kauri, da rufin kwano da ƙofofin ƙarfe irin namu.

Abin da na gani ya isa darasi. Siginar da ta ratsa bangon kai tsaye da kyar ta iso. Wadda ke riƙe da ajin ta tsakar gida take zagayowa, ta shigo ta ƙofa. Da an rufe ƙofar ƙarfen saboda ƙura, hanya ta toshe. Muka mayar da na'urar baranda, sama kaɗan, tana fuskantar azuzuwan, matsalar ta yi sauƙi ba tare da an sake neman ko sisi daga iyaye ba.

Tun ranar ba na barin ɗalibi ya kawo mini lissafin gini kafin ya shiga ginin ya auna. Ni ma akwai sauran aiki a kaina. Jiƙaƙƙiyar laka ta fi busasshiya shanye igiyar rediyo, don haka na yi wa abokina alkawarin dawowa a watan Agusta, idan damina ta jiƙa bangon.