Daga Bagudo Zuwa Bakin Iyaka: Inda Tsohuwar Katanga Ke Sake Tashi

Uwargida, in tafiya za ta kai ki Bagudo, daidaita ta da kaka, bayan ruwa ya ɗauke. Ƙaramar hukumar tana kudu maso yammacin jihar Kebbi, a masarautar Gwandu, kuma Kogin Neja, wanda mutanen wurin ke kira Kwara, ya ratsa ta. Kina haye gadar Tuga kin shiga ƙasar Ka'oje da Illo. Ta Tsamiya ake fita zuwa Segbana a Jamhuriyar Benin, ta Lolo kuma a bi Madekali zuwa babbar kasuwar Malanbil. Yarjejeniyar Ingila da Faransa ta 1898 ce ta raba yankin, ta bar Illo a hannun Ingilishi. Sai dai har gobe ana auratayya, ana ciniki da naira da sefa, kuma ginin ƙasar da za ki gani a wannan gefe shi ne a wancan.

Kogin nan shi ke ba da kifi da shinkafa, shi ne kuma ke cin katanga. Ambaliyar 2012 da ta 2020 sun yi ɓarna sosai a Kebbi, gonaki da gidaje. Ko a shekarar da kogi bai yi fushi ba, damina ba ta wucewa sai ta kayar da wani bango. Shi ya sa a kaka za ki riƙa ganin tarin jar ƙasa a ƙofar gidaje. Baƙo zai ɗauka shara ce. Mai gida kuwa kayan gini ya ajiye.

Tsaya ki kalli yadda ake yi. Za a farfasa tsohuwar katangar, a tsince duwatsu da leda da tsumma, a zuba ruwa a bar ta ta kwana biyu ta jiƙu. Daga nan a zuba yankakkiyar ciyawa, samari su shiga da ƙafa su tattake har ta yi danƙo. Da wannan kwaɓi ake yin tubali, da shi ake ɗora su, da shi ake yaɓe. Ƙasa ba ta mutuwa. Bushewa kawai ta yi, da ta sha ruwa sai ta koma yadda take. Ɗakin da kakar yara ta yi jego a ciki yana iya zama ɗakin amaryar jikanta, ba a sayi ko kwano ɗaya na ƙasa ba. Da tsohuwar zuma ake magani.

Amma a bakin titi da cikin kasuwa ginin bulo ya yawaita. Siminti kuwa daga nesa yake zuwa, irin su masana'antar Kalambaina da ke Sakkwato, kuma kin san yadda farashin buhu ya yi tashin gwauron zabi a farkon 2024. To in katangar bulo ta faɗi, ko an rushe shago, yaya za a yi da ɓaraguzan? Sau da yawa a kwata ake juye su, su toshe hanyar ruwa, baɗi ruwan ya shigo tsakar gida.

A nan ne ya kamata ki riƙe bambanci guda, domin kuɗin gidanku da lafiyar 'ya'yanki na rataye a kansa. Siminti ba kamar ƙasa ba ne. Ranar da ya haɗu da ruwa ya sandare, ya gama aikinsa ke nan. Ko an niƙa shi ya zama gari, ba zai sake kama bulo ba. Saboda haka dakakkun ɓaraguzai suna maye gurbin wani kaso na yashi ne kawai. Duk wanda ya ce miki za a rage buhunan siminti saboda akwai tsoho a ciki, katangar da za ta faɗo kan yara yake shirya miki.

Dabarar ba sabuwa ba ce a duniya. Rumawan da suna daka fasassun tubalin da aka gasa su haɗa da farar ƙasa, su shafe tafkunan ajiye ruwa da shi. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu ya ƙare a 1945, mata a Balin ta Jamus sun yi layi suna tsintar tubali daga rusassun gidaje, suna kankare su don a sake gini.

In za a yi a gidanku, ga abin da za ki sa ido a kai. A ware bulo da kankare daban, a cire katako, leda, kwalba da ƙasa. Manyan gutsattsari su tafi cikon ɗaki da ɗaga harsashin gini, wanda a wuri irin Lolo, inda yashin kogi ke kusa kuma ruwa ke barazana, shi ne amfaninsu mafi girma. A birni, inda tifar yashi ke da tsada, a daka ƙananan, a tankaɗe da rariyar waya, a zubar da garin da ya yi laushi kamar toka. Kada su wuce kwano ɗaya cikin kowane kwano biyar na yashi. Kuma a yayyafa musu ruwa kafin kwaɓi, domin tsohon siminti yana da ƙishirwa: zai zuƙe ruwan kwaɓin, ginin ya bushe da wuri ya tsattsage. Bayan an ɗora bulo, a riƙa ba shi ruwa safe da yamma har mako guda.

Irin wannan kwaɓi na katangar tsakar gida ne, da garken awaki, da daɓen madafi. Ginshiƙi, linta da rufin kankare, duk abin da ke ɗaukar nauyi a kan mutane, a bar shi da yashi mai tsabta da tsakuwa, a ƙarƙashin idon injiniya. Gindin bangon da ya yi fari-fari da gishiri, da bangon masai, a yar da su.

Sai maganar yara, wadda ta fi kowace zama taki. Tarin ɓaraguzai filin wasa ne a idonsu, alhali akwai ƙusa, tsinin rodi da kunama. Ƙurar siminti tana cutar da huhu, tsohon fenti yana iya ƙunsar dalma, shi kuwa tsohon silin na asbesto ba a fasa shi sam. A jiƙa tarin kafin a daka, a rufe randa da abinci, a kai yara maƙwabta.

Ba sai kin riƙe shebur ba. Ranar da magini ya zo, ki gaishe shi, ki ce: "Baba, buhu nawa aka tsara, kuma ɓaraguzan nan ina za su shiga?" Magini na ƙwarai zai ji daɗin tambayar, ya nuna miki da hannunsa.