Zango-Zango a Birnin Groningen

Kekuna ne suka fara tarbata a Groningen, can arewacin ƙasar Holan. Malami da ɗalibi kowa na bisa kekensa, yayyafi na sauka ba wanda ya damu. Ni kuwa jami'ar garin na nufa, wadda aka kafa tun 1614. A nan ne marigayi Farfesa Herman Berendsen da almajiransa suka fara gina GROMACS a 1991, manhajar da ke kwaikwayon motsin ƙwayoyin zarra a kwamfuta.

Wata ɗalibar digirin digirgir ta zaunar da ni gaban kwamfutarta. Ga furotin yana ta rawa cikin dubban ƙwayoyin ruwa, da ɗan magani maƙale a wani lungunsa. Tambayarta guda ce: cikin magunguna biyu masu kama da juna, wanne ya fi kama furotin gam? Amsar tana cikin bambancin abin da suke kira sakakken makamashi, ma'aunin da ke nuna inda abu zai karkata idan an bar shi. Bambancin kilokalori 1.4 kacal a kowane mol ya isa ya ninka ƙarfin riƙon sau goma.

Abin da ya burge ni shi ne haƙurin masu wannan bincike. Tun 1954 Robert Zwanzig ya fitar da lissafin wannan bambanci, amma ba ya yin daidai sai abubuwa biyun da ake kwatantawa sun kusanci juna. Don haka ba a yin tsalle. Sai a riƙa rikiɗa maganin farko zuwa na biyu kaɗan-kaɗan, daga 0 zuwa 1, ana yada zango kamar ayarin fatake, a kowane zango a tsaya a auna. Halittun da ke tsakani babu su a duniya, sai a kwamfuta! Ana yin tafiyar sau biyu, cikin ruwa da cikin furotin, sannan a ɗebe wannan daga wancan. Daga nan ɗalibar ta juya ayarin baya. Ta ce in lissafin zuwa bai yi daidai da na dawowa ba, ba ta yarda da ko ɗaya, sai ta ƙara zango ta sake.

Wallahi na girmama wannan tsantseni. GROMACS kuwa kyauta ce. Duk ɗalibin kimiyya mai kwamfuta da intanet zai iya sauke ta yau.