Sa hannun sarki da sunan soja

A shekarar 1918, sojojin Amurka da ke sauka Ingila kan hanyarsu ta zuwa fagen daga a Faransa sun riƙa karɓar wasiƙar maraba daga fadar Windsor, mai ɗauke da kwanan watan Afrilu da sa hannun Sarki Joji na Biyar. Da yawa sun aika da ita gida, iyaye suka adana. Har yanzu jikoki kan kai ta wurin dillalan gwanjo da zaton sun gaji dukiya, sai a shaida musu cewa injin ɗab'i ne ya kwaikwayi hannun sarki. Haka saƙon da Janar Eisenhower ya raba wa rundunar ƙawance gab da saukar Normandi ta ranar 6 ga Yuni 1944: sa hannun nasa ne, amma alƙalaminsa bai taɓa takardar ba.

Saboda haka darasin farko na mai tara irin waɗannan takardu shi ne duban tawada. Yakan karkata takardar ga haske, ya nemi kwarmin da bakin alƙalami ya bari, ya kwatanta kofe biyu; in sun yi daidai ɗigo da ɗigo, to aikin inji ne. Da wannan ma'auni kasuwa ke yanka kuɗi, kuma ma'auni ne mai son manya.

Wani tsohon malamin makaranta a Damagaram ya daɗe yana bin gidajen ƴan mazan jiya, shi kuwa nasa ma'aunin dabam ne. Abin da yake nema shi ne takardun yabo da Faransa ta ba sojojin Afirka ta Yamma, waɗanda ta kira tirayar na Senegal ko da daga Tawa ko Maraɗi aka ɗebo su. Irin takardar kan zo tare da lambar Croix de guerre: tauraron tagulla in yabon na bataliya ne ko birged, reshen dabino in na runduna ce baki ɗaya. Sa hannun da ke ƙasa sau da yawa na wani kanar ne da ba wanda ke tuna shi, don haka dillalin Turai ba zai ba da abin kirki a kanta ba. Amma a sama akwai sunan sojan, sau tari a karkace yadda kunnen magatakarda ya ji shi, da lambarsa, da ranar da ya tsaya inda wasu suka ja da baya.

Wannan lambar ita ce mabuɗi. Da ita ake neman kundin mutum a ma'ajiyar takardun soja da ke birnin Pau. Kuma bayan da Faransa ta daskarar da fanshon sojojin tsoffin ƙasashen mulkinta da dokar ƙarshen 1959, ba ta gama daidaita shi ba sai 2011, gwauruwar da ke riƙe da takardun mijinta ta fi samun bakin magana.

Shi ya sa malamin ba ya saye. Yakan ɗauki hoton takardar, ya rubuta sunan yadda iyalin ke faɗarsa, da garin haihuwa, da abin da suka ji daga bakin marigayin, sa'an nan ya mayar musu da abinsu cikin ambulan, tare da gargaɗi kan gara da danshin damina.